Ruwa Ya Janye, Amana Ta Bi Shi: Nasiha Ga Mutanen Tsibiran Tafkin Chadi

Duk wanda ya tambayi mutumin Tafkin Chadi abin da ya jefa tsibirai cikin halin da suke ciki, amsa biyu zai ji: ruwa ya janye, sannan 'yan bindiga sun shigo. Duka biyun gaskiya ne. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, na arewa da na kudu, na 1984 kuma ya kusa ƙarasa shi, har ya koma bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba. Amsa ta biyun kuwa ba sai an ba kowa labari ba. Wanda ya ga abin da ya sami Baga a watan Janairun 2015, ko yana cikin mutum kusan 25,000 da aka ce su bar tsibiran Nijar bayan harin Karamga na watan Afrilun wannan shekara, suka doshi N'guigmi da Bosso da 'ya'ya a goye, shi ne zai ba wani labari.

Amma akwai amsa ta uku da ba mu cika son a taɓo ba, domin ita a kanmu take faɗowa. Tun kafin a ji ƙarar bindiga, ƙauna ta fara sanyi a tsakanin mazauna tsibirai, yi don Allah kuma ya fara ƙaranci a sha'anin jama'a. Ba ina ɗora wa wanda aka zalunta laifin zaluncin da aka yi masa ba ne, Allah Ya kiyaye. Wanda aka ƙona wa gida an ƙona masa, wadda aka kashe wa ɗa an kashe mata, hakkinsu yana wuyan waɗanda suka aikata har gaban Allah. Abin da ya sa nake magana shi ne mutane sun fara komawa, wasu da izini, wasu a ɓoye saboda yunwa ta fi tsoro ƙarfi. In aka koma da halin da aka fito da shi, to an koma ne a sake gina abin da zai sake rushewa.

Zaman tsibiri ba irin zaman tudu ba ne. A tudu in kun ɓata da maƙwabci sai ka sauya hanya, ka sauya masallaci, in ta kama ka sauya unguwa. A tsibiri kwata ɗaya ce, jirgin kasuwa ɗaya ne, masallacin Juma'a ɗaya ne. Asibiti yana bayan tafiyar awoyi a kan ruwa, alƙali ya fi shi nisa. In naƙuda ta tsananta wa iyalinka da tsakar dare, injin mutumin da kuka yi cacar baki da shi da la'asar ne zai fitar da ita. In iska ta kifar da jirginka, wanda ke kusa ne zai ciro ka, ba wanda kake so ba. Mutanen da suka riga mu sun san haka sarai, shi ya sa ba sa barin gaba ta kwana.

Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, su ne 'yan asalin tsibiran, da jiragensu na ciyawa da shanunsu na Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman kiwo. Ga Kanuri da Kanembu a gaɓa, ga Kotoko da Larabawan Shuwa ta kudu. Da ragar nailan ta shigo, titi kuma ya haɗa Maiduguri da Baga, sai masunta suka yi ta kwararowa: Hausawa daga ƙasar Kabi da Sakkwato da Haɗeja, Jukunawa daga Binuwai, har da mutanen Mali. Tumbun Gini, Tumbun Rago, Dabar Masara, Doron Baga, duk wuraren da baƙi suka sauka ne suka zama 'yan gida. Baƙo zai iso da tabarmarsa da kallinsa, a kai shi gaban bulama ko sarkin ruwa, a tambaye shi daga ina, a nuna masa inda zai kafa bukka da inda zai zuba kalli, a kuma gaya masa inda ba a taɓawa. Kafin ya kama kifin farko ya ci tuwon gidaje uku.

Ban ce zamanin nan ba shi da tabo ba. An yi rigingimu, har sojojin Najeriya da na Chadi sun gwabza a kan tsibirai a 1983. Amma a dubi Darak. Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002 cewa yankin na Kamaru ne, a watan Disamban 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30. Tuta ta sauya, jami'ai suka sauya, amma da yawa daga cikin masuntan suka ci gaba da zamansu, suna cin kasuwa ɗaya, suna sallah sahu ɗaya da waɗanda takarda ta ce yanzu su ne 'yan ƙasa. Abin da ke tsakaninsu ya fi layin da aka ja a taswira ƙwari. Shi ne nake kuka a kansa, domin shi ne muke ta zubarwa da hannunmu.

A fara da ruwan kansa. Mafi yawan ruwan tafkin daga kogin Shari da Logon yake zuwa. In ya cika sai ya malale cikin ciyayi, kifi ya bi shi ya yi ƙwai, 'ya'ya su ƙyanƙyashe su yi ƙwari. In ruwa ya fara ja da baya, kifin sai ya biyo mashigai ya komo. A nan ne ake kafa dumba. Wanda bai taɓa gani ba, gura ce irin ta mutanen Mali, wadda aka yi da sanduna da raga, ake jera ta ɗaruruwa, wannan manne da wannan, daga gaɓa zuwa gaɓa, har a toshe mashigin ruwa gaba ɗaya. Da asuba yaran mai dumba za su shiga ruwa iya ƙirji suna ɗaga gura ɗaya bayan ɗaya, suna juye tarwaɗa da ƙarfasa da bargi cikin jirgi har ya nutsa iya baki. A bayansu kuma, can inda ruwan ke zuwa, ga mai ƙaramin jirgi ya kwana yana jan kalli, ya fito da abin da bai cika ƙwarya ba. Shi ma yana da iyali. Shi ma ruwan Allah ya zo nema.

Gura ba ta da laifi, sana'a ce. Laifin yana wurin wanda ya kai kuɗi aka sayar masa da mashigi sukutum, da wanda ya karɓi kuɗin alhali an ɗora shi ne ya raba ruwa da adalci. Dattawan masunta sun san cewa in za a tare ruwa ana barin ƙofa, don na baya ya samu, don kuma kifin baɗi ya wuce. Yau wanda ya bar ƙofa sai a ce ba shi da wayo. Daga nan aka gangaro kan raga mai ƙananan idanu, har gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya koma abin tace ruwa, ana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba. Masu zuba guba kuwa ba na ma son in tsaya a kansu. Mutumin da ya zuba guba a ruwan da maƙwabcinsa zai sha, shanunsa su sha, ya fita daga sahun masunta. Malamai sukan karanta mana hadisin mutanen da suka hau jirgi ɗaya, na ƙasa suka so su huda wurinsu don su ɗebi ruwa, aka nuna cewa in na sama suka ƙyale su duk za su halaka, in suka riƙe hannunsu duk za su tsira. Mutumin birni yana jin wannan a matsayin misali. Mutumin tsibiri kuwa kullum a cikin jirgin yake, bai kamata a ce sai an fassara masa ba.

Sai ciniki. Kowa ya san yadda sana'ar take tafiya: Alhaji dillali ne ke ba masunci kalli da inji da man fetur da hatsin da iyali za su ci, a kan cewa in an kama, shi za a sayar wa. Wannan tsari a asalinsa rufin asiri ne. Da shi ne yaron da ya zo ba shi da ko sisi ya zama mai jirgin kansa. Amma ku dubi yadda muka mayar da shi. Bashi ba a rubuce ba, ko kuma a rubuce a littafin da mutum ɗaya ne kawai ke iya karantawa. Farashi sai abin da mai kuɗi ya faɗa. Shekara ta zagayo, masunci ya kawo kwali a kan kwali na banda, a ce masa har yanzu da saura. Ku je ku tsaya a bakin wurin banda ku gani: mata da samari sun lanƙwasa tarwaɗa sun soke ta, sun jera a kan waya, hayaƙi ya turnuƙe, idanu sun yi jawur suna zubar da hawaye, ana juya kifi da hannu a kan zafi tun hantsi har dare. Kifin nan zai bi mota ya kai Maiduguri, ya kai Anacha, ya kai Legas, a ci riba a kowane zango. Wanda hayaƙi ya ci wa ido shi kaɗai ne ribar ba ta sani ba. Alhaji, ka ji tsoron Allah. Yaron da ka riƙe da bashi shekara da shekaru ba yaronka ba ne kuma, fursunanka ne, kuma ranar da wani ya zo ya ce zai kwance shi, ba zai tsaya tambayar ko wane ne ba.

Kai ma ɗan'uwana masunci ba ka kuɓuta ba. Wane ne ke shimfiɗa ruɓaɓɓen kifi a gindin kwali ya rufe da mai kyau a sama? Wane ne ke fesa wa banda maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa, alhali ya san 'ya'yan wani za su ci? Wane ne ke cin bashin Alhaji, in ya yi kamu sai ya zagaya da dare ya sayar wa wani? Cin amana ya zama na kowa da kowa, kowa yana kafa hujja da na ɗan'uwansa. Haka mai jirgin haya, wanda ya san iyakar abin da jirginsa ke ɗauka, amma ya ƙara buhu goma da mutum ashirin saboda ranar kasuwa ce. Abin da ya faru kusa da Warra a Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, inda jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kaɗan suka tsira, ya isa ya zama wa'azi ga duk mai riƙe da inji a ko'ina yake. Ba a cewa ƙaddara ce a kan abin da kwaɗayi ya jawo.

Wanda ya fi duk waɗannan ciwo shi ne abin da fitina ta yi wa harsunanmu. Da masifa ta sauka, aka hana cinikin kifi a wasu yankunan don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kuɗi, aka kwashe mutane daga tsibirai, sai zargi ya maye gurbin gaisuwa. Aka wayi gari kowane Buduma abin tuhuma ne saboda ya san lungunan ruwa, kowane Bahaushe ɗan kasuwa abin tuhuma ne saboda yana da kaya a jirgi. Makiyayi yana zargin masunci, masunci yana zargin manomin da ya shuka masara da wake a inda ruwa ya janye. Wasu kuma, Allah Ya shirye su, suka ga dama ta samu: wanda kuke rigimar gona ko mashigi ko mace da shi, kalma ɗaya a kunnen jami'in tsaro ta isa ta raba shi da gidansa. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai ko a kan akuya aka yi ta, balle a kan ran mutum. Wanda ya san ya taɓa yin haka, kada ya ce ai an wuce wurin. Iyalin mutumin ba su wuce ba.

Kuma mu daina mamakin yadda ɓata-gari suka sami gindin zama. Bindiga ce ta shigar da su, babu shakka, har sansanin soja sun afka wa, kamar na Bohoma a ƙasar Chadi a watan Maris na 2020, inda sojoji kusan 100 suka rasu. Amma ba bindiga kaɗai suke riƙe da ita ba. Suna ba saurayi jari, suna yanke hukunci a rigimar ruwa, suna karɓar haraji su ce sun ba da kariya. Duk wannan yaudara ce da jini a ƙarshenta. Sai dai yaudarar ba ta cin kasuwa sai a inda saurayi ya nemi jari wurin nasa aka wulaƙanta shi, ya kai ƙara wurin shugabansa aka sayar da gaskiyarsa. Kowane zalunci da muka yi wa junanmu, ƙofa muka buɗe musu.

To, ina masu jagoranci? A nan ne batun ikhlasi yake. Ba a taɓa samun yawan ƙungiyoyi da kwamitoci kamar yanzu ba: ƙungiyar masunta, ƙungiyar masu jirage, kwamitin 'yan gudun hijira, kwamitin zaman lafiya. Ana karɓar kuɗin ƙungiya kowace ranar kasuwa, ba a taɓa tara mutane an ce ga abin da ya shigo ga abin da ya fita ba. In zaɓen shugaba ya zo sai ƙungiya ta rabe biyu, kowane ɓangare da hatiminsa. In kayan agaji suka iso, sai takardar sunaye ta cika da matan shugaba da ƙannensa da surukansa, bazawarar da ke riƙe da marayu biyar kuma a ce mata ta dawo gobe. Za a haƙa rijiya, sai an tsaya a ga ƙofar gidan wa za ta kalla. Za a gina aji, sai an ga sunan wa za a rubuta a allo. Aikin da ba a ɗauki hoto ba kamar ba a yi shi ba. Alhali mutumin da ya fi amfanar tsibiri sau da yawa ba wanda ya san sunansa a waje: malamin da ke karantar da yara a rumfar zana ba albashi, ungozomar da ake tasa da tsakar dare, saurayin da ke sare ciyawar da ta toshe hanyar jirgi ba wanda ya sa shi.

Muna yawan ɗaga kai muna jiran na sama. Hukumar Tafkin Chadi tana nan tun 1964, lokacin da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa ta. A watan Fabrairun 2018 an yi babban taro a Abuja a kan yadda za a janyo ruwa daga yankin kogin Kwango a zuba wa tafkin. Allah Ya sa a yi, kuma haƙƙi ne a ci gaba da matsa wa gwamnatoci su kawo tsaro da asibiti da makaranta, domin mutumin tsibiri ɗan ƙasa ne kamar kowa. Amma a ce gobe ruwan ya iso, tafki ya koma yadda yake a 1963. Da halinmu na yau, masu kuɗi ne za su saye sababbin mashigai, raga mai ƙananan idanu ta cinye sabon kifin, littafin bashi ya ƙara kauri. Babu injiniyan da zai janyo amana ta bututu.

Ban fid da rai ba, kuma ina da dalili. Lokacin da mutane suka fito daga ruwa ba su da komai sai kayan jikinsu, mafi yawansu ba a sansani suka fara kwana ba. Gidajen talakawa ne suka buɗe, a Diffa da N'guigmi da Baga Sola da Monguno da Maiduguri. Mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, mai mudu ɗaya ya raba biyu, wasu suka riƙe baƙi shekaru ba tare da sun san su a da ba, ba kuma wanda ya rubuta sunansu a ko'ina. Wannan ita ce ƙaunar da nake nufi. Tana nan a jikin mutanenmu, sai dai mun bar ta sai ranar musiba muke fito da ita, ranar kasuwa kuma mu ajiye ta a gida.

Jarrabawa mafi wuya tana tafe, ta ma riga ta iso. Akwai matan da aka sace suka dawo da goyo. Akwai yaran da aka tafi da su suna ƙanana, suka girma a daji. Akwai waɗanda suka ajiye makami suka bi ta cibiyoyin gyaran hali, irin ta Goudoumaria a Nijar. A birni za su iya ɓacewa cikin jama'a. A tsibiri kowa ya san ɗan wane ne, kowa ya san abin da aka yi. Ba zan ce wa uwar da aka kashe wa ɗa ta manta ba, ba ni da wannan bakin. Ƙauna ba ta hana a bi wa mutum hakkinsa, kuma wanda ya zubar da jini dole ya fuskanci hukunci ya nemi gafarar waɗanda ya cuta ido da ido. Amma jaririn da aka haifa a daji bai kashe kowa ba. Yarinyar da aka ɗauke da ƙarfi ba ita ta zaɓa ba. In muka hana 'ya'yanmu wasa da su, muka laƙaba musu suna, muka ƙi auren su, muka ƙi cin abincinsu, to da hannunmu muke renon fitinar shekara ashirin masu zuwa.

Ya ku iyayenmu sarakunan ruwa, da bulamai da lawanai, ku ne farkon waɗanda za a tambaya. Kafin ruwan bana ya fara ja da baya, ku zauna da Buduma da Kanuri da Hausawa da makiyaya da duk mai jirgi a ruwanku, ku yanke mashigan da ba za a sayar wa kowa ba, da faɗin ƙofar da kowace dumba za ta bari, da girman idon ragar da aka yarda da shi. Alhazai su kawo littattafan bashi a karanta a gaban shaidu biyu, abin da ya wuce ƙa'ida a yafe. Takardar rabon agaji a karanta ta da ƙarfi a bainar jama'a kafin a buɗe buhu ko ɗaya. Limamai kuma su sanar da abin da aka yanke bayan sallar Juma'a, da harshen da kowa ke ji, sannan a fara zartar da hukuncin a kan ɗan sarkin ruwa in shi ne ya fara karyawa.